Muryar da Wayar Gwaggo Ta Ƙi Buɗewa

Haruffa masu lanƙwasa ne suka haɗa ni da shi. Ina koyar da Hausa a wata sakandare a Kaura Namoda, kuma duk ƙarshen zango nakan buga tambayoyin jarrabawa a kwamfutata, in zuba a filas, in kai shagon da ke fitar da takardu. A gida komai daidai yake. Da zarar an buɗe a shago sai duk ƙ da ɗ da ɓ su koma ƙananan akwatuna. Akwai zangon da ban lura ba har aka raba wa ɗalibai, wata yarinya ta ɗaga hannu tana tambayata ko "ɗaya" nake nufi ko "ƙaya", don ita dai akwati ta gani da "aya" a gabansa. Mai shagon ya gaji da mitata, ya ce in je bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wani mai gyaran kwamfuta ɗan Shinkafi, shi ne mai son irin wannan wahalar.

Na same shi a tsaye, daga baya kuma na gane haka yake yini. Dogo ne siriri, ya gama karatun kwamfuta a garin bai koma gida ba. Shagonsa ɗaki ɗaya ne, cike da tsofaffin kwamfutocin da masu su suka haƙura da su. Akwai kujera guda, amma kaya ne a kanta. Ya saurari kukana yana jujjuya sukudireba a hannu, sannan ya ce, "Malam, wagga kwamfuta taka ce?"

Na ce, "Tawa ce mana."

Ya ce, "Ƙarfen naka ne. Abin da ke cikinta haya kake yi. In ya lalace ba ka da ikon buɗewa ka duba. In masu shi sunka ce gobe ya daina aiki, ya daina, kana ji kana gani."

Ya yi min bayanin wata manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suka taru suka rubuta, suka bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Tana da sunanta na Turanci, amma shi "ta-kowa" yake ce mata, mu ma muka bi. A ranar ya zuba min ita, ya saita madannai yadda zan buga haruffana ba tare da na yi ta nemansu ba, ya kuma nuna min yadda zan daskarar da takarda ta zama kamar hoto, duk inda aka buɗe ta ba ta canzawa. Zangon da ya biyo baya babu akwati ko ɗaya a jarrabawata. Daga nan na zama mutuminsa.

Bayan la'asar mukan taru a ƙofar shagon, mu kaɗan, duk ta-kowa muke amfani da ita, kuma duk muna ganin mun gane abin da sauran gari bai gane ba. Abokina ba ya barin komai ya wuce. Wani ya zo aron caja ta ƙi shiga wayarsa, sai ya ɗaga bakin cajar sama ya ce da gangan aka bambanta su. Aka kawo firinta da ta ƙi karɓar tawadar da aka ɗura mata, ya ce ga na'ura an koya mata ƙin talaka. Ya tsani wayar da aka liƙe batirinta da gam. Yana yabon tsofaffin motocin da ke jigilar hatsi zuwa kasuwa, don a cewarsa duk bakaniken da ke bakin hanya zai iya buɗe su ya gane abin da ke damunsu. Abin da ba za ka iya kwancewa ba, in ji shi, ba naka ba ne.

Ina yarda da shi, amma ni nake ɗaukar wahalar. Firintar makarantarmu ta daɗe ba ta jituwa da kwamfutata. Takardun da ake turo mana daga ofis sukan buɗe a wurina layukansu sun hau juna. Shi kuma abokina ba ya barin abu ya zauna lafiya: ta-kowa iri-iri ce, duk wadda ya ji an fitar sai ya gwada, sau da yawa a kan kwamfutata. In je da ita tana aiki, in dawo gida sautinta ya ɗauke. Matata takan tambaye ni ko wannan gyaran yana da ƙarshe. Gobe kuma in sake komawa.

Ana cikin haka aka wayi gari an katse sabis ɗin waya a duk jihar saboda 'yan bindiga. Aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da mai da hawan babura. Damina na ƙarewa, gero ya nuna a gonaki, gari ya yi wani irin shiru da ban saba da shi ba. Hannuna bai daina zuwa aljihu ba. In ciro wayar, in duba, in mayar, ba da jimawa ba in sake cirowa. Na kasa zama a gida. Daga makaranta in wuce tasha, daga tasha in zaga bakin kasuwa, ina tambayar direbobi labarin hanya, kowa da abin da zai faɗa maka, babu kuma wanda za ka kira ka tabbatar.

Abokina kuwa kwanakin farko har da ɗan farin ciki. Wasu shagunan buga takardu manhajarsu ta tsaya, wai sai ta gaisa da kamfaninta ta intanet kafin ta ci gaba da aiki. Ya riƙa bi shago-shago da filas a aljihu yana zuba musu ta-kowa, yana dawowa yana ba mu labari a tsaye.

Ni hankalina yana Zurmi. A can gwaggona take, ƙanwar mahaifina, wadda na yi shekarun firamare a hannunta. Ɗanta namiji ɗaya ne, taubashina, yana dako a wata kasuwa a Legas, ya bar matarsa da yara a wurinta. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci yakan kira ta. Da aka katse sabis sai Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Wani direba ya same ni a tasha ya ce Gwaggo ta ce a gaya min ba ta iya barci, in nemo mata labarin ɗanta.

Wata Asabar na shiga mota. Sai da muka bar jihar, muka wuce Funtuwa, muka nausa hanyar Zariya, sannan wayoyin da ke cikin motar suka fara ƙara gaba ɗaya. Direba ya tsaya a gefen titi ba tare da kowa ya ce masa ya tsaya ba. Wurin cike yake da mutanenmu, kowa ya toshe kunne ɗaya yana magana da ƙarfi. Na kira taubashina. Bayan mun gaisa ya tsokane ni kamar yadda muka saba, sai muryarsa ta canza, ya ce, "Tsohuwa fa?" Na ce lafiyarta lau, kewarsa ce kawai. Ya ce in jira, zai yi mata saƙon murya. Ya turo mai tsawo. Na sauke shi, na juyo.

Washegari na kama hanyar Zurmi. Motoci ba sa tafiya ɗai-ɗai a lokacin, sai an taru a bi juna. Akwai wata kwana da in an doso ta hira take mutuwa a cikin mota, kowa ya zuba wa daji ido yana motsa baki. Gonaki ne dama da hagu, wasu an girbe, wasu geron ya kwanta babu mai zuwa. Ban saki jikina ba sai da na hango rufin kwanon garin.

Gwaggo tana tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, ban tsaya dogon bayani ba na kunna mata. Da ta ji sallamarsa sai ta amsa da ƙarfi kamar yana ƙofar gida. Matarsa ta fito daga ɗaki ta tsaya jikin bango, yara suka kewaye ni. Ya gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, ya ce yana lafiya, ya tambayi gona, ya ce kada a je ta nesa, a bar ta ko me za a rasa. Da ya ƙare Gwaggo ta ce, "Sake min." Na sake. Ta ce in ƙara, na ƙara.

Rana ta fara karkata, motocin komawa kuma ba sa jiran kowa. Na ce zan tafi. Ta ce, "To ka bar min ita nan."

Na ce, "Gwaggo, da wayar nake aiki."

Ta ce, "Ba wayarka nika so ba, ɗan nan. Muryar nika so. Ka zuba min cikin tawa, awa yadda anka zuba min karatu."

Wayarta ƙarama ce mai madannai da tocila, an ɗaure bayanta da roba. Tana da memori cike da karatun Alƙur'ani da wa'azi, shi take saurare in tana aiki. Na tura saƙon ta bulutut, ya shiga, na ga sunansa a jerin. Na danna, wayar ta ce ba ta iya buɗe wannan. Na goge na sake turawa. Na cire memorin na hure shi na mayar. Na kashe wayar na kunna. Gumi ya jiƙa min riga.

Ta ce, "Ta shiga?"

Na ce, "Ta shiga, Gwaggo, amma wayar ta ce ba ta san irinta ba."

Ta dube ni ta dubi wayar. "Muryar ɗana ce ba ta sani ba? Kullum Juma'a ta nan shika hitowa."

Haka na baro ta, wayar na kan cinyarta. A mota ban ma lura da lokacin da muka wuce kwanar nan ba.

Da safe kafin in je makaranta na biya shagon. Abokina ya jona wayata da kwamfutarsa, ya duba saƙon, ya yi wata gajeriyar dariya. Ashe murya ma in ta shiga na'ura zubi-zubi ce, kamar bakin caja. Kuma wannan saƙon, a buɗaɗɗen zubi yake, irin wanda shi kansa yake yi mana wa'azinsa kullum, wanda ba mallakin kowa ba ne. Ƙaramar wayar Gwaggo kuwa tsohon zubi kawai ta sani, wanda ya daɗe yana zagi a gabanmu yana cewa na kamfanoni ne, ya rantse ba ya ajiye irinsa a kwamfutarsa.

Ya ce, "Laifin wayar ne. Saƙon lafiyarsa lau. Su anka ƙi koya mata."

Na ce, "Na ji. Amma ita ce wayar Gwaggo."

"A saya mata babba."

"Ba ta iya shafa gilashi. Wannan ma da ƙyar ta haddace madanninta."

Ya fita ƙofar shago ya dawo. Ya ɗauki wani abu ya ajiye. Ya fara min bayanin cewa in kowa ya riƙa sassautawa haka, ba ranar da masu ƙera wayoyi za su gyara halinsu. Na ce masa masu ƙera wayoyi ba su san da Zurmi ba, kuma tsohuwa ba ta barci. Ban taɓa yi masa magana da wannan muryar ba. Sai ya sunkuya kan kwamfutar, ya buɗe baƙin allon nan da yake rubuta umarni a kai, ya buga layi ɗaya. Kafin in gyara tsayuwa ya ce an gama, saƙon ya koma tsohon zubin.

Ya ce, "Ka dai lura, abin da ya juya ta ɗin ma ta-kowa ne. Kuma bai nemi intanet ba."

Na ce na lura.

Mai shayin da ke kusa yana da waya irin ta Gwaggo sak. Muka aro ta, muka zuba saƙon a wani memori muka sa mata. Sallamar taubashina na fitowa abokina ya danne madanni ya kashe. Ya ce saƙon uwa da ɗanta ne, ba namu ba ne.

Ranar da na koma Zurmi na zuba mata shi a wayarta, Gwaggo ta kunna da hannunta, ta kashe, ta sake kunnawa don ta tabbatar ba sai ina wurin ba. Sannan ta kore mu duka daga ɗakin, ta ɗauki amsarta a wayar. Ita ma amsar da na kawo Kaura sai da aka juya ta, don babbar wayata ta karɓe ta amma manhajar hira ta ƙi aika ta a matsayin murya. Abokina bai yi wa'azi ba wannan karon.

Kafin in sake zuwa, labari ya zaga unguwarsu. Kusan kowane gida akwai wanda ke kudu ko Abuja ko wurin haƙar zinariya. Aka riƙa ba 'yan uwa lambata. A lokacin an buɗe sabis a Gusau, tafiyar ta ragu, sai ya zama duk Asabar ina can, a gindin wata bishiya kusa da tasha, ina sauke muryoyin mutanen da ban taɓa gani ba. In kawo shago a juya, a zuba kowanne a memorinsa, a naɗe a takarda, direbobi su kai. Wasu su aiko mana da gyaɗa, wasu da addu'a. Ban taɓa gajiya irin ta wannan lokacin ba, kuma ko na kwanta ƙafafuna kamar suna kan hanya.

Abokina ya kafa doka biyu. Ba ma sauraron saƙon kowa, iyakarmu sallamar farko don mu tabbatar yana buɗewa. Kuma da zarar an zuba a memori, sai a goge daga wayata da kwamfutarsa. Ya ce abin da yake zargin kamfanoni da shi ke nan, tara maganganun mutane, ba zai zama ƙaramin kamfani a bayan tasha ba. Na ga dokar ta yi tsauri, amma na bi.

Wata rana saƙo ya zo daga wani saurayi makiyayi. Bayan an kore musu shanu, ya kwashe ragowar ya yi kudu da su, ya bar mahaifinsa a rugarsu ta wajen Jangeru. Gidansu ne ke kawo wa mahaifiyar abokina nono a Shinkafi tun da daɗewa, ta wurinta lambata ta kai gare shi. Abokina ya ce dama yana son ganin Inna, mahaifiyar tasa, zai kai da kansa. Na ce zan raka shi, don zaman gidan ya gagare ni.

Shinkafi ba kasuwa kamar ba Shinkafi ba. Rumfuna a rufe, awaki na kwance a inda ake jibge buhuna. Inna ta aika aka gaya wa tsohon, ya tako da ƙafa tun daga ruga, ya iso bayan azahar da sandarsa a kafaɗa. Fari ne, ya manyanta ƙwarai, Hausarsa tana da nauyin Fulatanci. Wayarsa daga Nijar aka sayo ta, rubutunta duk Faransanci, sai da abokina ya yi ta lalube kafin ya gano inda ake kunna sauti. Muka zauna a zaure. Muryar yaron ta fito, ya yi sallama, ya fara jero gaisuwa da Fulatanci, tsohon yana amsawa a hankali yana gyaɗa kai. Sai maganar ta yanke. Wayar tana nuna saƙon yana tafiya, amma ba abin da ke fita sai wani siririn ƙara.

Tsohon ya kara wayar a kunne. Ya jira. Ya ce, "Ya yi shiru."

Abokina ya karɓa ya mayar baya, ya sake kunnawa. A daidai wurin ya sake yankewa. Ya cire memorin ya duba shi a hasken ƙofa, na ga fuskarsa ta canza. Jabu ne, irin wanda ake rubuta masa girman da ba shi da shi. Farkon abu yake riƙewa, sauran ya zubar.

Ya ce, "Baffa, ka yi haƙuri. Abin da munka zuba saƙon ciki ne ba shi da kyau."

Tsohon ya ce, "To a sake zubawa."

Abokina ya dube ni, ni ma na dube shi. Babu inda saƙon ya rage, mun goge.

Na yi wa tsohon bayani iya yadda zan iya, na ce zan sa yaron ya sake turowa. Ya ce ba komai. Ya tambaya ko mun ji abin da yaron ya ce game da shanun, ko sun isa, ko yana nan da ƙanensa. Muka ce ba mu saurara ba. Ya yi mamakin wannan fiye da lalacewar saƙon. Ya ce, "Kun ɗauko magana tun daga Gusau ba ku ji ta ba?" Ya roƙi a sake kunna masa gaisuwar, ya saurara har inda ta yanke, ya sha ruwan da Inna ta aiko, ya saɓa sandarsa ya tafi don kada yamma ta yi masa a daji.

A motar komawa muka yi faɗa, ƙasa-ƙasa saboda fasinjoji. Na ce da mun saurara har ƙarshe da mun gane tun a shago, da ba mu goge ba da yanzu an wuce wurin. Ya ce ko mun saurara ba ma jin Fulatanci. Na ce shiru ba shi da yare, kowa ya san shi. Ya ce yau in ka ji na makiyayi don ba ka gane ba, gobe na matar aure za ka ji, kuma a garin da ake kashe mutum kan zargin kai rahoto, gara a ce ba mu san abin da ke cikin saƙon kowa ba. Wannan ta shige ni, don gaskiya ce, amma ban nuna masa ba. Na ce dokarsa ta sa tsoho ya yi tafiyar banza. Ya juya yana kallon taga har muka shiga Kaura.

Na ɗauke ƙafa daga shagon na ɗan lokaci. Shi ya zo ya same ni a makaranta, abin da bai taɓa yi ba, da kwamfuta a hammata. A kan teburin ɗakin malamai ya buɗe ta ya nuna min: akwai manhaja a cikin ta-kowa da ke zana murya. In mutum yana magana, zanen yana tashi yana sauka kamar kunyoyin gona. In shiru ne sai ya miƙe sambal. Ya ce daga yau duk memorin da muka zuba, za mu buɗe zanensa mu gani daga farko har ƙarshe, ba tare da mun ji ko kalma ba. Kuma ba za mu goge ba sai direba ya dawo ya ce saƙo ya isa.

Na ce, "Wato ka sassauta."

Ya ce, "Ban sassauta ba. Gyara na yi. Don haka anka bar ta a buɗe."

Na nemi yaron a Asabar ɗin da ta biyo baya, layinsa a kashe. Na bar masa saƙo. Sai da aka jima sosai ya samu sabis a dajin da yake, ya sake turowa. Muka juya, muka duba zanen, kunyoyi har ƙarshe, muka zuba a memori mai kyau muka aika wa Inna. Ta aika ruga. Ɗan aiken ya dawo ya ce babu kowa, sun tashi, bukkokin ne kawai. Wasu suka ce sun tsallaka Nijar, wasu suka ce sun yi gabas. Inna ta ajiye memorin a cikin gwangwanin allurarta ko zai dawo. Da na sake neman yaron in gaya masa, layin ya daina shiga gaba ɗaya.

Ranar da aka dawo da sabis ina cikin aji. Wayoyin malamai suka fara ƙara ta tagogi, aka ji gari ya ɗauki hayaniya. Aikinmu ya ƙare a ranar, ba wanda ya sanar da mu, mutane dai suka daina zuwa. Na ɗauka zan huta. Sai na samu kaina ranar Asabar da sassafe na yi wanka na sa takalmi, ina tsaye a tsakar gida ba ni da wurin zuwa.

Abokina kuwa bai yarda an gama ba. Ya ce abin da aka kashe sau ɗaya za a iya sake kashewa, kuma bai ga dalilin da zai sa maganar Kaura da Kaura sai ta bi ta turken sabis na kamfani ba. Ya karanta cewa a wasu ƙasashe mutane na ɗora ƙananan na'urori a kan rufin gidaje, wannan ta miƙa wa waccan, unguwa guda ta yi hira ba tare da layin kowa ba. Ya tara tsofaffin na'urorin intanet da ofisoshi suka zubar, ya zuba musu ta-kowa. Na gaya masa a wannan yanayin duk wanda aka gani da eriya a kan rufi sai ya yi bayani a gaban 'yan sa-kai. Ya ce shi ya sa ya fara zuwa wurin mai unguwa, kuma mai unguwa ya ce a gwada a gani, in dai ba ta wuce unguwa ba.

Gidana ya fi na kowa tsawo a layinmu. Wata la'asar sai ga shi a keke napep, da tsani a ɗaure a sama da wani dogon bututun ƙarfe. Matata ta leƙo ta labule ta ce in dai aka fasa mata kwanon rufi, damina mai zuwa shi zai zo ya tare ruwan. Ya ce ya yarda. Ya jingina tsanin ya fara hawa, bututun a hannu ɗaya, yana yi min bayanin inda na'ura ta biyu za ta zauna, a kan shagon mai shayi, ta uku kuma bai samu wanda ya amince ba tukuna. Tsanin yana ta girgiza. Na ce ya daina magana ya dubi inda yake sa ƙafa, na riƙe masa da hannu biyu.